Yadda Turanci da Hausa Ke Bayyana Abin da Ba a Tantance ba: Misalai daga Kantin Kwari

1.0 Gabatarwa

Ba kowane abu ne mutum yake gani ko yake ji ya iya yanke hukunci a kansa nan take ba. Sau da yawa abin da ke zuciyarsa zato ne kawai, ko wani ɗan motsi da bai san sunansa ba. Kowane harshe yana da hanyoyin faɗin irin wannan. A shekarar 1972 masanin harshe George Lakoff ya ja hankalin manazarta ga kalmomin Turanci masu sassauta ma'ana, sannan a 1994 Joanna Channell ta rubuta littafi sukutum a kan batun. Manufar wannan maƙala ita ce a duba hanyoyi uku da nahawun Turanci yake bi, a kwatanta su da na Hausa. An tsara misalan bisa harshen ciniki na Kantin Kwari da ke Fagge a Kano, domin a kasuwar tufafi ido da hannu ne alƙalai, kuma ba kullum suke da tabbas ba.

2.0 Aikatau na Ji da Gani

Hanya ta farko ita ce amfani da aikatau irin su look, feel, sound, smell, taste da seem. Sifa tana iya biyo bayansu kai tsaye, ko suna bayan like, ko cikakkiyar jimla bayan as if:

1. This brocade feels thin.
2. It looks like silk.
3. It looks as if it will fade.

Abin lura shi ne, a jimlolin nan uku shaddar ce ta zama jigon jimla, mai taɓawa da mai dubawa kuwa sun ɓace. Hausa ba ta yin haka. Ko dai a fito da mutumin fili, ko a ɗora nauyin duka a kan kalmar "kamar":

4. Na ji shaddar nan kamar ba ta da kauri.
5. Kamar siliki.
6. Ina ganin kamar za ta koɗe.

Bugu da ƙari, aikatau ɗaya tak, wato "ji", shi ne yake ɗauke da aikin kunne da hanci da harshe da fata. Wannan ne ya sa ɗalibi Bahaushe yakan ce yana "hearing" wari, alhali Turanci ya ware wa hanci kalmarsa.

3.0 Tsarin "Wani Abu"

Hanya ta biyu ita ce wadda ake bi idan mai magana ya ji abu bai kwanta masa ba, amma ya kasa nuna inda aibin yake:

7. There is something odd about this print.

A nan sifa ta zo bayan something, saɓanin al'adar Turanci ta gabatar da sifa kafin suna. Wanda ya fassara jimlar kalma da kalma zai ce "akwai wani abu baƙo game da atamfar nan", maganar da ba a taɓa jin ta a bakin mai ciniki ba. Abin da mai saye za ta ce shi ne:

8. Alhaji, atamfar nan wani iri ce.
9. Zanen nan dai bai kwanta mini ba.

Turancin Nijeriya, wanda ake ji tsakanin 'yan kasuwar Fagge da maƙwabtansu na Sabon Gari, ya samar wa kansa kwatankwacin "wani iri", inda ake cewa the cloth is somehow. Baturen Ingila zai tsaya yana jiran ƙarashen jimlar, domin a wurinsa somehow bayanau ne, ba ya tsayawa a gurbin sifa.

4.0 Sassauta Sifa

Hanya ta uku ta shafi ƙirar kalma. Turanci yakan liƙa ɗafa-ƙeyar -ish, a sami reddish, greenish, blackish, ko ya sa a bit ko sort of a gaban sifa. Hausa kuwa cikakken ninki take yi, tare da gajarta wasalin ƙarshe, kamar yadda Paul Newman ya nuna a littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000: fari-fari, baƙi-baƙi, kore-kore, shuɗi-shuɗi, jaja-jaja. Ninkin bai tsaya ga launi ba, har abin da jiki yake ji yakan shiga: zazzaɓi-zazzaɓi, barci-barci, ɗaci-ɗaci. Akwai kuma "ɗan", kamar a "ya ɗan yi duhu".

Ta haka Hausa ta sami matakai uku: ninki a ƙasa, sifa tsurarta a tsakiya, amsa-kama a sama. Misali, kore-kore, kore, kore shar. Baƙi-baƙi, baƙi, baƙi ƙirin. Matar da aka aiko neman ankon biki ta san cewa tsakanin mataki da mataki akwai asarar kuɗin turmi goma ko ashirin.

5.0 Amfanin Rashin Tantancewa

Kuskure ne a ɗauki waɗannan hanyoyi a matsayin raunin magana. Atamfar kamfanin Vlisco na garin Helmond a ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, duk an daɗe ana kwaikwayonsu. Mai sayen da ta ce "wannan jabu ce" ta zargi mai kanti da ha'inci a gaban jama'a, ciniki ya mutu ke nan. Amma in ta ce "Alhaji, kamar ba 'yar Holan ba ce", ta bar masa ƙofa. Yana iya cewa "Hajiya, bari a ɗauko miki wata", mutuncin kowa ya tsira. Haka seem da look suke yi wa Bature.

Saboda haka tafintan da ya mayar da it seems he took it zuwa "shi ya ɗauka" ya mai da zato shaida, kuma a gaban alƙali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

6.0 Kammalawa

An ga cewa harsunan biyu suna biyan buƙata ɗaya ta hanyoyi mabambanta. Turanci ya dogara ga yawan aikatau da ɗafi, Hausa kuwa ga "kamar" da "wani iri" da ninki. Ya kamata malaman fassara su koyar da waɗannan tsare-tsare a jere, kowanne da takwaransa, su kuma horar da ɗalibi ya auna ƙarfin tabbacin da ke cikin jimla kafin ya juya ta. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.