Me ya sa motar kaya ke kifewa a kwana?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa a Kamaru ya san gangaren Mbe, inda kwana ke bin kwana. A irin wuraren nan ne tirela ke kwanciya da lodinta, buhuna su watse a kwalta, jarin shekara ya tafi. Sai ka ji ana cewa kwana ce ta wurgar da ita. Alhali babu abin da ya tura ta waje.

Ka tuna majajjawar da yara ke korar tsuntsaye da ita a gona. Dutsen so yake ya miƙe, igiya ce ke janyo shi ciki har yake zagayawa. Da an saki igiya, sai ya tafi ɗoɗar. Haka mota take, igiyarta kuwa ita ce riƙon da taya ke yi wa kwalta. Shi ma fasinjan da ke jin kamar ana manna shi da ƙofa, jikinsa ne ke neman wucewa a miƙe, mota ta karkata ta tare shi. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana wannan ƙa'ida.

Ga inda lissafin ke ba da tsoro: idan gudu ya ninka biyu, riƙon da ake buƙata ninkawa yake huɗu. Direban da ya shiga kwana da kilomita 80 a awa maimakon 40, aikin taya huɗu ya ɗora wa kowace taya. Balle a ce ta suɗe, ko an yi ruwa.

Sai tsawon lodi, kuma nan laifin yakan zama namu masu kaya, don mu ke roƙon a ƙara buhu goma a sama. Taya daga ƙasa take jan mota zuwa ciki, kayan da ke can sama kuwa suna neman miƙewa. Iya tsawon lodi, iya saurin ɗagewar tayoyin ɓangaren ciki. Shanu da tankin da bai cika ba sun fi haɗari, domin nauyinsu gusawa yake gefe guda daidai lokacin da ba a so.

Saboda haka ka tsaya a kan lodinka: mai nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau, kada yaro ko babba ya hau saman kaya. Ka kuma lura da direba, tun kafin kwana ake taka birki, ba sai an shige ta ba.