Zuru Da Mulkin Janar Abacha: Shari'ar Da Ba A Yanke Ba

Ran 2 ga watan Janairu na 1995 wani tsohon soja ya rasu a birnin Ikko, nesa da ƙasarsa, ba fareti ba busa. Shi ne Janar Muhammad Siyad Barre, wanda ya riƙe Somaliya tun daga juyin mulkin 1969 har zuwa 1991 da 'yan tawaye suka fatattake shi daga Mogadishu. Har yau mutanen Somaliya ba su daidaita a kansa ba. Waɗansu suna tuna cewa a zamaninsa ne, cikin 1972, aka tsayar da rubutun harshensu da haruffan boko, waɗansu kuwa abin da suke tunawa shi ne jiragen da suka yi wa garin Hargeisa ruwan bama-bamai a 1988. Mutumin da ke mulkin Nijeriya ran da ya cika, watau Janar Sani Abacha, shi ma irin wannan gardamar ya bari a bayansa, kuma da wuya a sami inda ta shiga gida kamar ƙasar Zuru.

Sanin kowa ne Zuru ƙasar sojoji ce. Tun zamanin Turawa samarin Dakarkari, waɗanda golmo ya riga ya horar da su, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi aure, suke shiga aikin soja ba ƙaƙƙautawa. Daga nan ne aka sami Manjo-Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Bauchi daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya zama Sarkin Zuru har rasuwarsa a 2025, da Tanko Ayuba wanda ya riƙe Kaduna daga 1990 zuwa 1992. Amma a zamanin Abacha ne sunan Zuru ya fi amo, domin 'yan'uwa biyu daga gida ɗaya sun riƙe manyan muƙamai a lokaci guda: Manjo-Janar Musa Bamaiyi ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙanensa Ishaya Bamaiyi kuma ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa a 1996.

Janar Abacha, haifaffen Kano, ya karɓi mulki ran 17 ga Nuwamba 1993 daga hannun Cif Ernest Shonekan. Masu yabonsa, kuma ba su da kaɗan a Arewa, abin da ido ya gani suke lissafawa. Da aka ƙara kuɗin man fetur a 1994 an kafa asusun PTF, aka damƙa shi ga Janar Muhammadu Buhari, aka gyara hanyoyi, aka kai magunguna asibitoci da littattafai makarantu. Hauhawar farashi da ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995 ta sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. Ran 1 ga Oktoba 1996 an ƙirƙiro jihohi shida, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa.

To, amma ɗaya littafin ya fi nauyi. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, abin da ya sa aka dakatar da ƙasar nan daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A watan Afrilu na 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki. A watan Yuni na shekarar aka harbe Kudirat Abiola a kan titi, alhali mijinta yana tsare. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997. Ma'aikata ba su manta da rushe shugabancin ƙungiyar ƙwadago a 1994 ba, ɗalibai kuma sun ga ranar da aka ɗora wa Jami'ar Ahmadu Bello kantoma soja, Manjo-Janar Mamman Kontagora. Batun dukiya kuwa, abin mamaki ne a ce Janar Buhari, wanda ya faɗa a Kano cikin 2008 cewa zargin sata ba shi da tushe, a zamanin gwamnatinsa ne aka karɓo dala miliyan 321 daga Siwizalan a 2017, da wata dala miliyan 311 a 2020, duk da sunan kuɗin Abacha.

Abacha ya rasu farat ɗaya ran 8 ga Yuni 1998, watanni biyu bayan jam'iyyu biyar sun tsayar da shi kaɗai takarar shugaban ƙasa. Mutuwa ta raba shi da alƙali, sai tambaya ta faɗo kan waɗanda suka yi masa aiki, ɗan Zuru kuma yana kan gaba. Tun a shari'ar juyin mulkin Disamba 1997 Janar Oladipo Diya, mataimakin Abacha, ya ce tarko aka ɗana masa, ya kuma ambaci sunan Ishaya Bamaiyi. Shi kuwa Bamaiyi ya tsaya kan cewa Diya ne ya ƙulla abin. Da farar hula suka dawo, a 1999 aka kama shi, aka tuhume shi da hannu a yunƙurin kashe Alex Ibru, mai jaridar Guardian, wanda aka harba a 1996. Ya shafe fiye da shekara takwas a kurkukun Kirikiri ana jan shari'a, sai a 2008 Babbar Kotun Jihar Legas ta sallame shi ta wanke shi. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da mulkin Abacha, shekara takwas a tsare ba tare da hukunci ba abin kunya ne ga gwamnatin da ta zo da alkawarin gyara. Kuma sallamar ba ta gaya wa kowa wanda ya ba da umurnin harbin ba.

A nan ne gizo yake saƙa. Ƙasar nan ta sami dama sau ɗaya ta zauna ta tantance abin da ya faru, lokacin da Cif Obasanjo ya kafa hukumar Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999. Jama'a sun zauna gaban talabijin suna kallon hafsoshi suna tona wa juna asiri, hukumar ta miƙa rahotonta a watan Mayu na 2002, amma gwamnati ba ta fito da shi a hukumance ba, balle a yi aiki da shi. Saboda haka kowa ya koma da nasa labarin. A 2014 gwamnatin Jonathan ta sa sunan Abacha cikin waɗanda aka karrama a bikin cikar Nijeriya shekara ɗari, Farfesa Wole Soyinka ya ƙi karɓar tasa lambar saboda haka. Janar Bamaiyi ya fito da littafin kare kansa a 2017, waɗansu daga cikin mutanen da ya ambata suka musanta. A Kano kuwa, filin wasan Ƙofar Mata yana nan da sunan Sani Abacha.