Alkawarin Tsarin Mulki Da Halin Da Talakawa Ke Ciki

Hakimai da malamansu su kan ga ɗaliban shari'a sun zo gunduma suna tambayar yawan yaran da ke makaranta, ko labarin mutanen da aka tsare. Dalilin zuwansu shi ne su gwada abin da Tsarin Mulki ya faɗa da abin da ke faruwa a ƙasa.

Alkawari Iri Biyu

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya yi wa jama'a alkawari iri biyu. Na fari yana Babi na Huɗu, watau haƙƙoƙin da kotu ke iya ƙwato wa mutum. Asalinsu daga shawarar Hukumar Willink ne ta 1958, aka sa su cikin Tsarin Mulki na 1960. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana 2, sai fa in kotu ta ga dalilin ƙari. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar.

Na biyu yana Babi na Biyu, wanda ya fara shiga Tsarin Mulki a 1979. A nan aka ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban aikin Gwamnati, aka kuma ce za a ba da ilmin firamare kyauta idan hali ya yi. Amma Sashe na 6 ya hana kotu bin bahasin wannan babi. Watau manufa ce aka shimfiɗa wa masu mulki, talaka ba ya iya kai ƙara a kanta kaɗai.

Abin Da Ɗalibai Ke Bincike

Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, inda aka horar da hakimai da alƙalai tun zamanin En'e, yanzu tana cikin Jami'ar Ahmadu Bello, a nan kuma ake koyar da shari'a. A can, da Jami'ar Maiduguri, da waɗansu, ɗalibai suna da ɗakin taimakon shari'a kyauta. Su kan shiga gidan yari tare da malamansu, su rubuta sunan mai jiran shari'a, da ranar kamunsa, da abin da ake tuhumarsa da shi. Sau da yawa sai a iske mutum ya daɗe a tsare don takardunsa sun ɓace, ko don danginsa ba su san inda ya ke ba.

Game da ilmi kuwa, gardamarsu ita ce ko alkawarin da kotu ba ta tilastawa yana da amfani. Waɗansu suna cewa ado ne kawai. Waɗansu suna nuna Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, suna cewa da manufa a kan fara, sa'an nan doka ta biyo baya. Duk sun yarda doka ba ta kai yaro aji sai an san sunansa da ƙauyensa.

Abin Da Ake Bukata Ga Hakimai

1. Dagatai da masu unguwa su kawo sunayen yaran da suka isa shiga makaranta, malamin hakimi ya rubuta.
2. In an kama mutumin gunduma, a rubuta rana da wurin da aka kai shi, a sanar da danginsa.
3. Ɗaliban da suka zo da takardar jami'arsu a karɓe su, a nuna musu abin da ya halatta su gani.

Littafin malamin hakimi, in an kiyaye shi da kyau, yana iya zama sanadin fitar mutum daga kurkuku.