Masu Sallama Gida-Gida: Wa Zai Riƙe Su Idan Masu Tallafi Sun Tafi?

Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira, domin a jihar Borno aka ga yaran ƙarshe da ƙwayar ta kama a shekarar 2016. An yi jawabai, an yaba wa shugabanni da attajirai da ƙungiyoyin ƙasashen waje, kuma ba na musun cewa sun cancanci yabon. Amma ɗigon maganin bai shiga bakin yaro a ɗakin taro ba. Wadda ta ɗiga shi wata baiwar Allah ce da ta rataya akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ta yi sallama a zaure, ta wuce har tsakar gida inda namiji baƙo ba ya shiga, ta sha zagi a gidan farko, aka sako mata kare a na biyu, a na uku kuma aka ba ta ruwa ta sha. Da ta fito sai ta yi alama da alli a bangon gidan, ta nufi na gaba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe tara daga cikin irin waɗannan mata a wasu ɗakunan shan magani biyu a birnin Kano. Abokan aikinsu sun yi makoki, daga baya suka sake ɗaukar akwatunansu.

A kan waɗannan mutane nake son mu yi magana a wannan mako, domin ina ganin muna dab da yin asararsu ba tare da mun ankara ba.

Wanda ya kai shekaruna zai tuna yadda aka shiga ruɗani a 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Wasu marubuta na Turai sun taƙaita lamarin da kalma ɗaya, wai jahilci. Ni ban yarda da wannan ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan akwai tambayar da magidanta suka riƙa yi, wadda har yau ba a amsa ta da kyau ba: me ya sa za a biyo ni har gida da maganin ciwon da ban taɓa gani a gidana ba, kyauta, alhali idan ɗana na fama da zazzaɓi sai na sayi farasitamol da kuɗina?

Abin da ya karya wannan turjiya ba sanarwar rediyo ba ce kaɗai. Sarakuna sun shigo cikin aikin sosai daga 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, umarni ya riƙa sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Daga bisani aka ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowacce daga unguwarta, aka ba ta gidajen da za ta riƙa zagayawa. Ita ta san wadda ke da ciki, ta san ranar suna, ta san gidan da maigida ke da taurin kai da kuma wanda yake jin maganarsa. Idan ta ce maganin ba shi da illa, 'ya'yanta na nan suna wasa a ƙofar gida, kowa na ganinsu.

Akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili, sai dai matasanmu da yawa ba su san shi ba, wato kurkunu. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ya gano fiye da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Maganinsa ilimi ne zalla: a tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha, kuma wanda tsutsar ta ɓullo masa kada ya tsoma ƙafa a inda jama'a ke ɗiban ruwa. 'Yan sa-kai na ƙauyuka ne suka raba ƙyallen, suka koya wa mata yadda ake amfani da shi, suka riƙa kai rahoto duk wata, da goyon bayan Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma aka tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da ita. Cutar da ta kwantar da manoma a tsakiyar damina shekaru aru-aru, da baki da ƙyalle aka kore ta.

To su wane ne waɗannan ma'aikata a tsarin hukuma? Tushen abin yana komawa ga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki maganar da gaske. A zamaninsa aka ɗora alhakin wannan mataki a kan ƙananan hukumomi, a 1992 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da shi. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suna yaye ma'aikata iri biyu, ƙarami mai karatun shekara biyu da babba mai shekara uku, waɗanda talaka ke kira malaman asibiti. An ba su littafin ƙa'idoji da ke faɗa musu abin da za su iya yi wa mara lafiya da kuma lokacin da dole su tura shi gaba. Bisa tsarin asali, rabo mai yawa na lokacinsu, musamman ƙananan, a cikin gari ya kamata ya ƙare, suna bin gidaje da kasuwanni da makarantun allo.

Mai karatu ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga malamin asibitin unguwarsu a wani zaure yana koyarwa. Abin da ya faru a bayyane yake. Likitoci ba sa zama ƙauye, yanzu ma birnin suke bari zuwa Ingila da Saudiyya. Ma'aikatan jinya da ungozomomi masu takarda ba su isa ba. Sai aka wayi gari malamin da aka horar don ya fita shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai cike takardun rahoto kala-kala da kowace ƙungiya ke buƙata a ƙarshen wata. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar sauke wasu ayyukan likitoci da ungozomomi a kansu, wadda a ganina amincewa ce kawai da abin da ya riga ya wakana. Ɗalibaina da ke fita binciken kammala digiri sukan dawo da labari iri ɗaya daga wurare mabambanta: ɗakin shan magani mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, wanda idan ya rufe ƙofa ya shiga gari, mai naƙuda za ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Wa zai ga laifinsa idan ya zauna?

Zaman nasa kuwa yana da tsada, domin yawancin abin da ke kashe mata da yara a ƙasarmu a cikin ɗaki ake yanke hukuncinsa, tun kafin a yi tunanin asibiti. Kaka ce ke cewa a matse dakashi a zubar, wai ba shi da kyau, alhali shi ne garkuwar farko ta jariri. Ita ce ke cewa a ba jinjiri ruwa saboda zafi, ko a kira wanzami ya cire beli. Idan mai ciki ta kumbura ta fara jijjiga, sau da yawa iska ake fara zargi kafin hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta a kan ciwon zuciya da ke kama masu jego a yankin Zariya, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara hamsin ke nan da sanin wannan a mujallun ilimi. Mu malaman jami'a mun iya rubuta shi da Turanci, mu samu ƙarin girma. Wadda za ta zauna kan tabarma ta lallashi uwar miji ta rage kanwar, ba tare da ta ce mata al'adarta banza ce ba, wata ce daban, kuma aikinta ya fi namu wuya.

Dubi kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012. Kwana uku ake sha a kowane wata. Mai rabawa na ba da na ranar farko a gabanta, na kwana biyun da suka rage kuwa uwa ake bar wa. Idan ba a yi mata bayani ta gamsu ba, ƙwayoyin za su ƙare a cikin kwalla, ko ta raba su da ɗan maƙwabciya da jikinsa ya yi zafi. Duk biliyoyin da aka kashe wajen sayo maganin da jigilarsa sun rataya ne a kan hirar minti biyar a tsakar gida.

Ba ina cewa ma'aikatan nan waliyyai ba ne. Akwai wanda ke amsa sunan likita, ya buɗe shago da yamma yana ƙarin ruwa da allurai ba bisa ƙa'ida ba. Akwai masu shafa wa yara tawada a yatsa ba tare da sun ɗiga maganin ba, don a cike adadi a tashi. Akwai kuma gurabe da 'yan siyasa ke rabawa 'yan uwa da magoya baya. Amma duk waɗannan alamun rashin kulawa ne da rashin biya. Wanda ake ba alawus na kwana huɗu sannan a manta da shi sai zagaye na gaba, kuma alawus ɗin ma sai ya yi watanni yana jira, da wane baki za ka tsawata masa?

Maƙwabtanmu sun nuna cewa akwai wata hanya. Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara zamanin Shugaba Tandja Mamadou, ta zuba musu ma'aikata masu albashi, a 2006 kuma ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Mace-macen waɗannan yara ya sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Habasha ma ta ɗauki mata biyu-biyu a kowace gunduma ta karkara, ta horar da su shekara guda, ta sa su cikin jerin ma'aikatan gwamnati. Mu ma a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin wakilan lafiya na unguwanni a Lafiya ta jihar Nasarawa, da nufin haɗe 'yan sa-kai iri-iri a inuwa ɗaya. Tunanin mai kyau ne. Sai dai a wurare da yawa kuɗin tafiyar da irin wannan aiki daga aljihun masu tallafi na waje yake fitowa, kuma tun farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, kowa ya ga yadda wannan aljihu ke iya rufewa dare ɗaya.

Ga shi kuma aikin bai ƙare ba. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 cuta ce da rigakafinta ke cikin alluran jarirai na yau da kullum, wato yaran da ta kashe galibi waɗanda ba a kai su ba ne, ko aka fara ba a ƙarasa ba. Nau'in ƙwayar shan inna da ke yaɗuwa inda rigakafi ya yi ƙaranci har yanzu ana samun sa a Arewa maso Yamma. Tamowa kuwa ba sai an faɗa ba.

Hanyar kuɗi tana nan ga mai niyya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 na kasafinsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abin da nake nema daga gwamnoninmu da shugabannin ƙananan hukumomi bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba: a tantance matan da suka yi shekara goma suna wannan zagaye, a ba su takardar ɗaukar aiki da albashin wata-wata, a buɗe wa masu ƙoƙari a cikinsu ƙofar shiga makarantun koyon aikin lafiya, sannan a ƙara ma'aikaci a kowane ɗakin shan magani yadda ɗaya zai zauna ɗaya ya fita. Idan kasafin baɗi ya zo gaban majalisun jihohi, ina roƙon 'yan jarida da ƙungiyoyin ɗalibai su buɗe shafin ma'aikatar lafiya, su tsallake layin gine-gine da na sayen motoci, su duba ko akwai layin da aka rubuta albashin waɗannan mata, da kuma naira nawa aka sa a gabansa.