Inda Zaƙin Kunun Zaƙi Yake Fitowa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ana iya samun zaƙi daga hatsi ba tare da an zuba zuma ko mazarƙwaila ba. Shaidar haka ita ce kunun zaƙi, wanda a asali tsiron hatsi ko busasshen dankali ake niƙawa a haɗa da ƙullunsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana mafarin wannan zaƙi.

Masana kimiyya suna kiran rukunin abincin da ya ƙunshi sukari da sitaci da suna kabohaidiret, domin daga kabon da haidirojin da oksijin aka gina shi. Mafi sauƙin gini a rukunin shi ne sukari tilo, kamar gulukos, wanda kowace ƙwayarsa take ɗauke da kabon 6, haidirojin 12 da oksijin 6. Furuktos, wanda yake da yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa, lissafinsa ke nan shi ma, sai dai tsarinsa daban ne, kuma ya fi zaƙi. Haɗuwar waɗannan biyu ita ke ba da sukarin rake. Sitaci kuwa gulukos ne ɗaruruwa ko dubbai a jere, tamkar duwatsun wuya a zare. Saboda girmansa harshe ba ya jin zaƙinsa, shi ya sa garin dawa yake lami.

Ƙwayar hatsi tana adana sitaci ne domin ya zama guzurin tsiro. Da zarar ta jiƙa ta fara tsira, sai ta samar da wani sinadari mai suna amiles, wanda yake datsa jerin sitaci zuwa guntaye masu zaƙi, musamman maltos, wato gulukos biyu a haɗe. A shekarar 1833 Payen da Persoz suka fara ware shi daga tsiron sha'ir a ƙasar Faransa. Akwai irinsa a dankali, akwai kuma a yawun mutum.

Amiles ya fi cin sitacin da ya dahu, amma tafasasshen ruwa yana kashe ƙarfinsa. Dalilin da ya sa ke nan mata suke raba ƙullu biyu: a dama kashi ɗaya da ruwan zafi, a bari ya huce, sannan a zuba ɗanyen mai tsiro, a rufe ya kwana. Idan ya zarce lokacinsa, ƙwayoyin halitta sukan juya sukarin ya koma tsami. Saboda haka gwanintar mai kunu tana ga sanin zafi da lokaci.