Gargaɗi ga Sakkwatawa: a tsayar da gudu a cikin unguwa tun ba a ɗauki gawa ba

Wannan kira ne na gaggawa ga iyayen ƙasa, masu unguwanni, limamai, shugabannin makarantu da duk magidancin da ƙofar gidansa ke kallon titi a birnin Sakkwato.

Kwalta ta shigo unguwanni, mun gode Allah. Layukan da a da ramuka da yashi ke tilasta wa direba ya bi a hankali, yau sun zama sumul, kuma masu ababen hawa sun gano haka kafin kowa. Da zarar an cushe a titin Ahmadu Bello ko Emir Yahaya, ko wajen Babbar Kasuwa, sai 'yan kabu-kabu da masu keke Napep da ƙananan motoci su ratse ta cikin unguwa, su zuba gudu a layin da yara ke wasa. A Mabera, Tudun Wada, Gawon Nama, Arkilla ko Runjin Sambo, wanda ya tsaya bakin titi da ƙarfe shida na yamma, lokacin da aka tashi Islamiyya, zai ga abin da ake faɗa: yarinya 'yar shekara shida da allo a hannu, hijabi ya rufe mata gefen ido, ta riƙo ƙaninta, sun fito daga bayan motar da aka ajiye a bakin kwata. Ba su ga babur ba, shi ma bai gan su ba.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a a cikin gari, amma hamsin ɗin ma ta yi yawa ga layin da ba shi da gefen masu tafiya a ƙasa. Motar da ke kan 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafar direba ta sauka a kan birki ta riga ta wuce inda mai tafiya a kan 30 zai tsaya cak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda aka buge a kan 30 ko ƙasa da haka yana da damar rayuwa kusan kashi 90 cikin ɗari, a kan 45 kuwa damar ba ta kai rabi ba. Rahotonta na 2023 ya nuna hatsarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Dalilin ke nan taron ministocin duniya a Stockholm a 2020 ya nemi a tsaya a 30 duk inda mota da mutane ke cuɗanya, Sifaniya kuma ta mayar da hakan doka a ƙananan titunan garuruwanta a 2021.

Abin da muka saba yi shi ne jira. Sai an kaɗe yaro, an dawo daga maƙabarta, sannan matasa su fusata su kwaɓa siminti su yi tudun rage gudu cikin dare, ko su jibge kututture da tsofaffin tayu da igiyar jirgi a tsakiyar hanya. Jama'a, a daina wannan. Tudun da aka yi shi tsaye kamar dakali, ba fenti, ba alama, a layin da babu fitila, shi ma makashi ne. Ɗan kabu-kabun da bai san da shi ba zai tashi sama da shi da fasinjarsa da goyonta. Mai naƙudar da za a kai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin keke ita za ta ji a jikinta. Idan damina ta zo, tudun ya tare ruwa, ruwan ya cinye kwaltar da aka daɗe ana roƙo. Tudun rage gudu na ƙa'ida shimfiɗaɗɗe ne: tsawonsa a kan hanya ya haura mita 3, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, an shafa masa fenti, an kafa allo kafin a iso shi, an bar wa ruwa mafita a gefe. Wannan aikin injiniya ne, birkila shi kaɗai ba zai iya ba.

Amma injiniya bai san unguwarku ba. Bai san wace kwana ce tipar yashi ke shawowa da asuba ba, ko inda sahu ke fitowa har kan titi ranar Juma'a, ko layin da samari ke wasa da mota in ana ɗaukar amarya. Ku kuka sani, kuma in ba ku faɗa ba za a sa tudu inda ba ya da amfani, ko a gama aiki ɗan kwangila ya kwashe kayansa ba a sa komai ba.

Saboda haka kowane mai unguwa ya kira zama a cikin makon nan, kada a bari sai an ga hali. A gayyaci malaman makarantun boko da na allo, da shugabannin 'yan kabu-kabu da na masu keke, domin dokar da aka yanke ba da su ba ba za ta kwana biyu ba. A nemi bakin mata, ko ta hannun malaman Islamiyyarsu, tunda su ke gida da rana, su suka san sa'ar da ake aiken yara. A zaga da ƙafa, a rubuta wuraren haɗari ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da abin ya fi ƙamari. Takardar ta bi ta hannun uban ƙasa zuwa ƙaramar hukuma, ko Sakkwato ta Arewa ce, ko ta Kudu, ko Wamakko, a kai kwafi Ma'aikatar Ayyuka ta jiha da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a karɓo shaidar an kai. Inda ake kan aikin titi yanzu, a gaggauta tun ma'aikata na wurin.

Kafin amsa ta zo, a sa dattijo ko matasa biyu su riƙa tsallakar da yara a ƙofar makaranta safe da yamma. A kawar da teburan sana'a da motocin da ke toshe gani a bakin kwana. Uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makullin babur ya karɓe abinsa yau. Idan kuma hatsari ya auku, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, a fara da ceton wanda ya ji rauni, kada a taɓa direba ko a cinna wa abin hawansa wuta.