Waƙoƙin Shata da Takardun Florence Price

A 2009 aka tsinci takardun kiɗan Florence Price a wani gidan da aka yi watsi da shi a jihar Illinois ta Amurka. Price, baƙar fata mai tsara kiɗa, ta rasu tun 1953, amma yau ƙwararrun mawaƙa suna rera waƙoƙinta suna fitar da faifai, domin ta rubuta su.

Mamman Shata, ɗan Musawa, bai bar irin wannan rubutu ba. Nan take yake ƙirƙirar waƙa, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa. Da ya rasu a 1999, abin da ya rage kaset ne da faifan gidajen rediyo, kuma kaset yana lalacewa.

Don kada waƙoƙin Shata su salwanta, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta dace da aikin tattara su daga hannun dattawan Dutsin-Ma da Kurfi.